Jarrabawar Minti 90 a Madadin Zango Guda: Riba ce ko Asara?

Ƙannenmu na sakandare, mu da ke jami'a mun koyi lissafin da ba a koya mana a aji ba: kowane kwas kuɗi ne, kuma lokaci ne. Shi ya sa wani tsari na Amurka ya ja hankalinmu.

A can, digiri na farko yakan buƙaci yunit 120, kwas guda kuwa yawanci yunit 3 ne. Hukumar College Board tana shirya jarrabawar CLEP a darussa 34. Yawancinsu minti 90 ne, maki daga 20 zuwa 80. Wanda ya samu 50, jami'o'i da dama za su yafe masa kwas ɗin, su rubuta masa yunit ɗinsa. Abin ya ɗan yi kama da yadda IJMB ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye a Najeriya.

Mu duba kuɗin. Jarrabawar ba ta wuce kimanin dala 100 ba, ban da kuɗin cibiya. A Jami'ar Fulorida kuwa, ɗan jiha yakan biya sama da dala 600 a kan kwas mai yunit 3. Ga mai tallafin karatu na jiha, irin Bright Futures da Fulorida ta kafa a 1997, wannan ragi ne ga gwamnati, shi kuma ya gama da wuri.

Sai dai a farkon shekarun 2000 jihar ta wajabta wa masu tallafin zana jarrabawar, daga baya ta soke dokar. Mu dai a ganinmu matsalar a fili take. Ko ɗalibi ya ci ko ya faɗi, an riga an biya kuɗin. Wanda aka tilasta wa bai shirya ba, faɗuwa zai yi. Wani kuma zai ci darasin da digirinsa bai buƙata. Ga wanda zai tsallake lissafin aji ɗaya da ƙyar, ya je aji biyu ya kasa, har tallafin ya kuɓuce masa. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Abin da muka fahimta shi ne, jarrabawar tana biyan wanda ya riga ya san darasin ne kawai. Saboda haka ku riƙe lissafi da Turanci da kimiyyar da ake koya muku yanzu da kyau. Wata rana su ne za su rage wa iyayenku kuɗin makaranta.