Gona, Soro da Allo

A ƙasarmu babu daji. Daga bayan Ungogo har ka dangana da Minjibir, duk inda ka ajiye ƙafa gonar wani ce, kuma mai ita ya san iyakarta tun daga kakansa. Ba a barin gona ta huta, domin babu wata da za a koma. Taki ne ke riƙe da ita. A da, da rani jakuna kan yi sammako da lodin kara ko itace zuwa birni, su dawo da yamma mangala cike da toka da shara da kashin dabbobi, a bi gona ana zubawa tsibi-tsibi. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya zauna tun wajen 1960 da 'yan kai yana nazarin yadda gonakin kewayen Kano ke ciyar da jama'a mai yawa haka, shekara da shekaru, ba tare da ƙasar ta mutu ba. Ni kuwa da aka haifa a ciki, bayan tuwo, babban abin da ta ba ni shi ne ido. Zane da fenti ne sana'ata, su nake koyarwa, kuma kusan duk abin da hannuna ke yi daga can ya taso.

Kawuna, ƙanin Inna, magini ne. A lokacin yawancinmu a ɗakin jinka muke kwana, gida kuma dangar kara ce ke kewaye da shi. Soro sai gidan dagaci, ko mai unguwa, ko wanda fataucin gyaɗa ya karɓe shi. Saboda haka aikin Kawu ba a ƙauye ɗaya yake ba. Da an gama kaka yakan ɗauki yaransa su bi ƙauyuka, ni ma ina wajen shekara goma aka haɗa ni da su, ina ɗebo ruwa daga kududdufi, ina miƙa tubali. Kafin damina kuwa aiki ɗaya ne ko'ina: a hau kan soraye a yi yaɓe, a gyara indararo, a tayar da zankon da ruwan bara ya cinye.

Wannan hawa kan soro shi ya fara nuna mini ƙasarmu daga sama. A ƙasa mai shimfiɗa irin tamu, tsawon soro ɗaya ya isa ya sauya maka duniya. Sai ka ga gonaki yanki-yanki, wata doguwa siririya, wata mai kusurwa huɗu, wata an gutsure mata gefe, duk rabon gado ne ya yanka su haka. Gamba da aguwa da lalle sun ja layin iyaka. Burtali ya ratsa tsakani yana lanƙwasa, fari fat da yashi. Kunyoyin wannan gona sun nufi gabas, na maƙwabciyarta sun gitta. Sannan ga itatuwa an bar su a tsakiyar gona da gangan, ɗorawa da kuka da tsamiya da rimi, kowace da inuwarta baƙa a gindinta. Gawo kuwa shi ke juya lissafin launi: da rani, lokacin da komai ya koma ja da ruwan ƙasa, shi ne kore shar, da damina kuma, sa'ad da gero da dawa suka rufe ƙasa, sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya fari. Har yau idan na zo shimfiɗa launi a kan ƙyalle, nakan nemi inda zan dasa abu ɗaya da ya saɓa wa sauran, kuma gawo ne ya koya mini haka.

Abin da na fi so a aikin Kawu shi ne ranar adon ƙofar zaure. Ba ya yarda a yi shi da rana tsaka. Da sassafe zai sa a kwaɓa ƙasa mai laushi wadda aka tankaɗe, ya shafe fuskar zauren da kauri, ya ja da baya ya tsaya shiru yana kallo. Babu takarda, babu ma'auni. Sai ya matso ya kafa yatsa biyu a sama da ƙofa, ya fara jan layi, ya zagayo, ya nutsa ƙarƙashin wani layin, ya ɓullo, har dagi ya haɗu ba ka san inda ya fara ba. Ƙasar da yatsa ya ture ba ya zubar da ita, gefe yake tara ta ya murza da babban yatsa ta zama tudu. Wata rana na ce, “Kawu, me ya sa kake zurfafa na sama fiye da na ƙasa?” Bai juyo ba ya ce, “Ɗana, na sama rana ce za ta ƙarasa shi. Bari la'asar ta yi ka zo ka gani.” Da la'asar na zo, inuwa ta kwanta a cikin ramukan, zanen ya fito raɗau ana ganinsa tun daga bakin rijiya. Bayan ya bushe aka bi shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ya yi duhu yana sheƙi, ruwa ba ya kama shi da wuri.

Mata ma suna da nasu, sai dai ba a kiran su gwanaye, kuma wannan ya daɗe yana damuna. Goggo kan ɗora wuƙa a wuta ta zane bayan ƙwarya da layuka ƙanana masu gittawa, ba ta taɓa maimaita na jiya ba. Faifan da take saƙawa da rinanniyar kaba, da jeren kwanonin da ake yi wa amarya a bango bayan an shafe shi da farar ƙasa, duk lissafin launi ne da tazara. Ga kuma allon zayyana. Da ɗan wan Baba ya yi sauka, na zauna kusa da mai zayyanar ina kallon yadda yake raba allon gida-gida da alƙalami, ya cike wani da ja, wani da rawaya, wani da kore, ya bar wani fari don ido ya huta. Babu tsuntsu, babu mutum, amma allon na zagaya gida-gida kowa sai ya ce masha Allah.

Da na gama sakandare na ce zane zan karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, Baba bai ce komai ba sai da dare. Ya ce, “Ba dai mutum-mutumi za ka je ka koyo ba?” Washegari ya kai ni wurin malaminsa. Malam ya saurare mu, ya yi bayanin saɓanin malamai a kan surar abu mai rai, sannan ya ce itace da gini da ado babu wanda ya hana. Na ce, “Allah gafarta Malam, ai su ne ma abin da nake so.” A kan haka Baba ya sa mini albarka. Wasu abokaina sun ɗauki wannan a matsayin takunkumi. Ni ban taɓa jin ƙunci a cikinsa ba, domin fili ne da kakanninmu suka daɗe suna noma, kuma har yanzu ba a kai ƙarshensa ba.

A Zariya na tarar da tarihin ɗaliban 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon Turawa ba, kowa ya waiwayi adon gidansu. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo ya gina aikinsa a kai. Gani Odutokun, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995, yana koyarwa a sashen zane a lokacin da nake karatu, kuma ganin yadda yake barin launi ya kwarara ya yi magana da kansa ya buɗe mini kai. A littattafai aka nuna mana Kandinsky da Mondrian, da Paul Klee wanda tafiyarsa Tunisiya a 1914 ta sauya masa launi. Na girmama su, har gobe ina girmama su. Amma ranar da na shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, na ɗaga kai na ga bakan gizo na hawa kan bakan gizo, ga ado an tono shi a jikin ginshiƙai, sai na gane zuriyar da Kawu ya fito. Zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da ya rage mana shi ne mu san namu da sunansa, mu koyar da shi a aji yadda ake koyar da na wasu.

A ƙauye kuwa, sauyi ya zo da sauri. Bayan farin 1973 da lalacewar gyaɗa, kuɗin man fetur ya ja samari birni, suka dawo da kwano da bulo. Ba na zargin kowa. Wanda ya taɓa kwana yana tara ƙwarya a ƙarƙashin yoyon azara a watan Agusta ya san darajar kwano, kuma yaɓen shekara-shekara wahala ce da kuɗi. Sai dai siminti ba ya jiran yatsa, kafin ka yi tunani ya daskare. Kawu ya ƙarasa rayuwarsa yana gyaran rumbu da katanga. Yanzu kuma birni ya taso ya cim ma Ungogo, gonakin da na gani daga kan soro ana yanka su fulotai, duk girmansu ɗaya.

Cikin 'ya'yan Kawu mutum ɗaya ne ya riƙe hannun mahaifinsa, ko da yake da bulo yake ci. Bara na roƙe shi ya ɗaga mini ɗan bangon ƙasa a tsakar gidana ya yi masa ado, na tara ɗalibaina suka kwaɓa masa ƙasa suna kallo. Makuba ce ta ba mu wuya, sai da muka aika har ƙauye, domin ɗorawa ta yi ƙaranci. Biyu daga cikin ɗaliban sun nemi ya koya musu jan dagi, ya ce su zo da bazara idan zai yi wa bangon yaɓe.