Maɓalli Ɗaya, Aiki Biyu: Zaɓen Shokozoba a Tseren Locost

A shekarar 1996 wani Baturen Ingila mai suna Ron Champion ya wallafa littafi da ya yi alkawarin cewa mutum zai iya ƙera motar gudu a garejin gidansa da fam 250 kacal. Siffarta ya aro ta ne daga Lotus Seven ta Colin Chapman, wadda ta fito a 1957: kujeru biyu, ba rufi, ba ƙofa, ƙashin jikinta bututun ƙarfe da aka yi wa walda, inji da sauran kayan ciki kuma a ciro daga tsohuwar Ford Escort. Aka raɗa mata Locost, wato mai araha. Ƙungiyar 750 Motor Club, wadda aka kafa a 1939, ta buɗe wa waɗannan motoci gasa tasu, kuma dokokin gasar manufarsu ɗaya ce, kada aljihu ya ci tsere. Injin kowa Ford ne mai cc 1300, tayar kowa iri ɗaya. Abin da aka bar wa mai mota ya zaɓa kaɗan ne, kuma a cikin kaɗan ɗin babu mai hana shi barci kamar shokozoba.

Mutane da yawa suna ɗauka ita ke shanye bugun hanya, alhali wannan aikin sifirin ne. Nata aikin shi ne ta hana sifirin ci gaba da tsalle bayan bugun ya wuce. A cikinta fistan ne ke tura mai ta ƙananan kafofi, sai ƙarfin motsin ya koma zafi. Tana aiki ta fuska biyu: lokacin da taya ta taso sama ta matse ta, da lokacin da sifirin ya sake miƙewa. Masu tsada suna da maɓallin saiti daban ga kowace fuska, da tankin mai a gefe. Irinsu ne gasannin masu ƙaramin ƙarfi suka saba haramtawa, su bar mutum da maɓalli ɗaya.

Nan ne gizo ke saƙa. A yawancin masu araha, maɓallin nan ɗaya yana ƙara taurin matsewa da na miƙewa ne a tare, bisa rabon da masana'anta ta riga ta yanke. Idan rabon an yanke shi ne don mota mai nauyin tan guda, to bai dace da Locost ba, wadda nauyinta har da direba bai wuce kilo 600 da 'yan kai ba. Ga kuma tayoyin baya, da suke haɗe da gungumen aksil guda na Escort, mai nauyi ƙwarai idan aka kwatanta da ɗan jikin da ke bisansa. Direba ya ji motar tana tangaɗi a kwana, sai ya murɗa maɓalli. Tangaɗin ya ragu, amma yanzu sifirin ba ya samun miƙewa kafin bugu na gaba ya iso. Motar ta riƙa duƙawa kaɗan-kaɗan, taya ta riƙa rabuwa da kwalta. A fili irin Cadwell Park, mai ƙunci da hawa da gangara, wannan yana iya zama bambanci tsakanin gama tsere da kwasar mota a jikin shinge, motar da aka ɓata damuna biyu ana walda.

Saboda haka wanda ya san abin da yake yi ba ya fara da tambayar wane kamfani. Yana fara da sikeli, ya auna nauyin da ke kan kowace taya. Sa'an nan ya auna yadda shokozobar gaba take a karkace: idan taya ta motsa santimita 10 ita kuma ta motsa 7, ƙarfin da ke isa ga taya kusan rabi ne kawai, domin 0.7 ake ninkawa da kansa. Waɗannan alƙaluma yake aika wa maƙeran, ya nemi a tsara kafofin man a kansu, kuma a ba shi takardar gwajin na'ura da ke nuna cewa ta dama da ta hagu tagwaye ne. Biyu da suka fito daga kwali ɗaya ba lalle ne su zo daidai ba, kuma motar da kusurwowinta suka saɓa takan nuna hali ɗaya a kwanar dama, wani a ta hagu, direba ya yi ta zargin hannunsa.

Dokar ba ta kori kuɗi gaba ɗaya ba, gaskiya. Mai hali yana iya sake tsarin kafofin sau uku, ya kama hayar fili ya gwada, duk a cikin halal. Amma ta rage tazarar ƙwarai, domin bayan gwaji na biyu ko na uku abin da ake ƙara samu ɗan kaɗan ne. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai sayen ta hannu da arha ba tare da ya karanta dokokin shekarar ba. Masu duba motoci suna iya binciken motarsa bayan tsere, kuma idan suka tarar da maɓalli na biyu, sakamakon ranar ya tafi.