Filinge tana da abin nuna wa baƙo, saura wurin kwana

Kan ƙasar Kurfai, wato yankin Filinge, zan yi magana yau, amma ta Italiya zan biyo, ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

A arewa maso gabashin Italiya akwai duwatsun Dolomiti, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2009. Yanzu kowa hotonsu yake yaɗawa, alhali kakannin mutanen wurin talakawa ne, noman bai kai su shekara, maza suna fita cin rani ƙasashen waje kamar yadda samarinmu suke tafiya Kurmi. Wasan zamiya kan ƙanƙara da manyan otel sun kawo musu kuɗi, babu musu. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai dokar da Italiya ta yi a 1985 ce, wadda ta ba manomi damar saukar da baƙo a gidan gonarsa, ya ciyar da shi da abin da ya noma, a biya shi. Makiyayi ya hau dutse da shanunsa lokacin zafi, ya yi cuku a bukkarsa, matafiyi ya zauna ya ci ya ba da kuɗi. Abincin da suke tutiya da shi, polenta, tuwon masara ne, ba ƙari ba ragi.

To mu dawo gida. Daga Yamai zuwa Filinge kusan kilomita 180 ne. Za ka ratsa Baleyara, mai babbar kasuwar dabbobi ta ranar Lahadi, ka wuce Bankuku ta ƙasar Imanan, duk kana bin Dallol Boso, tsohon kwarin kogin da ya taso daga Azawak ya gangara har kogin Isa. Kogin ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya gani, amma ruwan yana nan kusa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa kwarin yake cike da gawo da goriba da lambuna, ga jajayen duwatsu sun yi masa ganuwa. Wanda ya hau bisa dutse da la'asar sakaliya bayan damina ta zauna, ya dubi hatsi ya rufe kwarin, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Filinge ma ranar Lahadi kasuwarta take ci. A wuri guda za ka ji Hausa da Zabarmanci da Buzanci da Fulatanci, kuma sau da yawa daga bakin mutum ɗaya. Arewa kaɗan da garin ga Tukunus, inda tun 1954 ake kiwo da zaɓen irin shanun Azawak, waɗanda duk Sahel ta san su da nono. Nawa ne cikin ɗaliban Yamai da suka karanta sunan Tukunus a littafi suka taɓa taka wurin?

Tarihi kuwa, nan ne muka fi yin sakaci. A Cikal, cikin 1925, wata mace mai suna Shibo da mabiyanta suka tayar da abin da aka sani da Babule, ko Hauka: iskokin da suke hawan mutane suna kwaikwayon sojan Faransa da kumandan, a daidai lokacin da talakawa suka gaji da haraji da aikin dole da sarautar da Nasara suka ɗaure wa gindi. Kumandan Crocicchia ya kama su ya kulle a Yamai. Abin bai mutu ba, sai ya bi 'yan cin rani har Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a wajen Akara, ya fito a 1955. Kafin wani ya hau ni da faɗa, ba tallar bori nake yi ba. Cewa nake a jami'o'in Turai da Amurka ana karantar da wannan labari, mu kuma 'ya'yanmu sukan wuce mararrabar Cikal ba su san an yi ba. Haka Fandu, a ƙasar Tondikandiya, inda aka haifi Janar Seyni Kunce, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987. Ko kana sonsa ko ba ka so, mahaifarsa wurin zuwa ce.

Abinci ba sai na ja ba. Furar hatsi da nonon da aka tatso da safe, cuku da shayi, dambu da zogale, tuwo miyar kuka, gasasshen naman rago a bakin kasuwa. Babu ɗaya a ciki da zai ji kunya gaban tuwon masarar Italiya.

Inda gizo yake saƙa shi ne kwana. Baƙon da yake da ɗan'uwa ko aboki a gari ya huta: za a share masa ɗaki, a kai masa ruwan wanka, a yi rantsuwa ba zai biya ko dala ba. Wannan karamci ne, Allah ya bar mana shi. Amma malamin makarantar da ya taso daga Dogonduci da iyalinsa, bai san kowa ba, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa? Mafi yawa sai su zo da safe su juya kafin magariba, kuɗin kwana da na kalaci su tafi da su. Abin mamaki, kakanninmu sun riga Italiya warware wannan. Fatoma fa? Shi ne mai masaukin fatake, ya ba su ɗaki da abinci, ya tsare musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya sami la'adarsa, ba wanda ya ce ya zubar da mutunci. Dillalan kasuwar dabbobi har gobe suna saukar da baƙinsu. Mu ne 'yan boko muka ɗauka cewa in ba bene mai hawa uku ba ne, ba masauki ba ne.

Na san abin da za ku rubuto mini a ƙasa: tsaro. Gaskiyarku. A 2017 aka sa sassan jihar Tilaberi ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, Abala da Banibangu sun sha wuya, kuma harin Kure na 9 ga Agusta 2020, inda aka kashe Faransawa 6 da 'yan Nijar 2 a yankin raƙuman dawa, ya kori baƙin waje. Ba zan ce wa kowa ya ɗauki iyalinsa ya shiga daji ba, kuma duk mai niyyar tafiya ya tambayi mutanen gari halin hanya tukuna. Sai dai Bature ba shi ne baƙon da nake lissafi ba. Ina nufin ɗan kasuwar da yake zuwa kowane mako, da ma'aikacin da aka turo, da mai rakiyar amarya, da ɗan Kurfai da aka haifa a Abijan bai taɓa ganin garin ubansa ba. Waɗannan ba su daina zuwa ba, kuma ɗakin da aka gyara dominsu yau shi zai karɓi sauran ranar da Allah ya kawo lafiya.

Saboda haka ga roƙona ga 'yan'uwa Kurfayawa na Yamai da Kwatano da Akara da Abijan. Da yawanku kun gina gida a Filinge kun sa kwaɗo, sai da salla ake buɗewa. Ku ware ɗaki biyu, da makewayi mai tsabta da gidan sauro da randar ruwa, ku damƙa wa wata gwaggo ko ƙane ya kula, a yanka kuɗin kwana a fili yadda ba mai jin nauyi. Ofishin magajin gari kuma ya rubuta sunayen gidajen, a liƙa a tasha. Wanda yake da irin wannan ɗaki, ko ya san mai shi, ya faɗa mana unguwar a nan ƙasa.