Wasan da Aka Kai Asuba Ana Yi

Jama'a, ku ɗan ajiye gardamar Firimiya, ba inda za ta. Yau labarin besbol na zo da shi, wasan nan na Amurkawa. Alhaji, na ga ka taɓe baki, amma ka ara mini kunnenka tukuna. Ni ma ba buga shi na iya ba, labaransa ne suka kama ni.

Mutum tara-tara ake yi. Ɗaya ya jefo ƙwallo, abokin hamayya ya make ta da sanda ya ruga, sai ya zagaye tashoshi uku ya dawo inda ya tashi kafin a rubuta masa ci. In aka fitar da mutum uku, masu jifa su karɓi sanda. Kowane ɓangare ya yi nasa, zubi ɗaya ke nan, kuma zubi tara ake yi. Babu alƙalin da zai duba agogo ya ce lokaci ya cika. In aka yi kunnen doki, a ƙara zubi, a kuma ƙara, har sai an sami gwani.

Wannan rashin agogon ne ya jawo abin da ya faru a garin Pawtucket na jihar Rhode Island, daren 18 ga Afrilu, 1981. 'Yan Pawtucket da 'yan Rochester ne, ƙungiyoyin rukuni na biyu, suka fara wasa bayan ƙarfe takwas na dare cikin sanyi mai ratsa ƙashi, ga iska tana maido da duk ƙwallon da aka buga sama. Zubi tara ya wuce ɗaya da ɗaya. Aka yi ta tafiya. A zubi na 21 Rochester ta ci, kowa ya ce Alhamdulillahi za a je a kwanta, sai wani matashi Wade Boggs ya rama wa Pawtucket. Shi da bakinsa ya ce daga baya bai san ko rungumarsa abokan wasansa suke son yi ba ko duka. 'Yan wasa suka koma tattara karyayyun sanduna suna cinna musu wuta a cikin durom suna jin ɗumi. Akwai dokar da ta ce a tsayar da wasa in dare ya tsala, amma ba ta cikin littafin da ke hannun alƙalan. Sai da aka samu shugaban gasar ta waya ya ce a tashi haka nan, lokacin ƙarfe 4:07 na asuba, an yi zubi 32, 'yan kallo 19 suka rage a fili. Ana ba da labarin wani ɗan wasan da ya isa gida a tsakar daren nan, uwargida ta ce ina ka tsaya, ya ce filin wasa, ta ce ya nemi wata ƙaryar. Ku faɗa mini gaskiya, wa zai ga laifinta?

Da aka dawo ƙarasawa ranar 23 ga Yuni, minti 18 kacal aka yi, Pawtucket ta ci 3 da 2. A cikin 'yan Rochester na wannan dare akwai Cal Ripken ƙarami, wanda daga baya ya buga wasa 2,632 a jere bai taɓa fashi ba. Da alama tun daren ya koyi haƙuri.

Su kuma mutanen besbol ba sa barin komai ya wuce ba a rubuta ba. Kowane wasa da kowane bugu yana cikin littafi, sama da shekara ɗari. Shi ya sa aka gano cewa Stan Musial ya yi bugu mai kyau sau 3,630 a rayuwarsa, 1,815 a gida, 1,815 a waje, kamar da gangan. Shi ya sa kuma sunan Eddie Gaedel ba zai taɓa ɓacewa ba, ko da yake sau ɗaya tak ya riƙe sanda.

Don ku gane labarinsa, dokar jifa ita ce ƙwallo ta bi ta saitin mai sanda, tsakanin gwiwarsa da ƙirjinsa. In mai jifa ya kauce sau huɗu, mai sanda ya wuce tasha ta farko a ɓagas. To mai ƙungiyar St. Louis Browns, Bill Veeck, mutum ne mai son abin da zai tara jama'a, ga ƙungiyarsa kullum a ƙasan teburi. Ranar 19 ga Agusta, 1951, ya turo Gaedel fili, mutum mai tsayin santimita 109, lambar rigarsa 1/8. Alƙali ya ce wannan wane irin wasa ne, aka zaro masa takardar kwantiragi da sa hannu, dole ya yi shiru. Gaedel ya ɗan rusuna, wurin da za a saita ya zama bai fi tafin hannu ba. Mai jifan Detroit, Bob Cain, dariya ta ci ƙarfinsa, ya jefa huɗu duk suka bi ta saman kai. Gaedel ya taka zuwa tasha yana gaida 'yan kallo, aka canza shi. Washegari hukumar gasar ta soke kwantiragin. Ana ba da labarin nan don a yi dariya, amma ni ƙarshensa ne ya tsaya mini a rai: da Gaedel ya mutu a 1961, duk duniyar besbol mutum ɗaya ne ya je jana'izarsa, Bob Cain ɗin nan da ya jefa masa ƙwallo.

Malam, ƙaro mana ruwan zafi, akwai saura. A 1962 ƙungiyar Cleveland ta ba New York Mets wani ɗan wasa Harry Chiti, bisa sharaɗin za a biya ta da wani ɗan wasan da za a ambata nan gaba. Mets suka gwada shi wasa 15, suka ga ba riba, ranar biya suka mayar musu da shi a matsayin kuɗinsa. An sayar da akuya ta dawo tana cin danga. Joel Youngblood kuwa, ranar 4 ga Agusta, 1982, ya buga wa Mets da rana a Chicago, ana cikin wasa aka ce an sayar da shi ga Montreal, ya hau jirgi zuwa Philadelphia ya buga wa sabuwar ƙungiyarsa da daddare, kuma duka biyun ya yi bugu mai kyau. Ray Caldwell na Cleveland, a 1919, saura mutum ɗaya ya fitar wasa ya ƙare tsawa ta faɗo ta kayar da shi. Ya farfaɗo, ya ce a miƙo masa ƙwallo, ya ƙarasa aikinsa.

Amma in kuka tambaye ni wanda na fi tausaya wa, Harvey Haddix ne na Pittsburgh. Babban abin alfaharin mai jifa shi ne ya fitar da mutum 27 a jere ba wanda ya taka tasha, abin da 'yan ƙalilan ne suka taɓa yi. Daren 26 ga Mayu, 1959, a Milwaukee, Haddix yana fama da mura ya fitar da 27 ɗin nan, sai dai 'yan ƙungiyarsa ba su ci ko ɗaya ba, don haka wasa bai ƙare ba. Ya ci gaba har ya kai mutum 36, zubi 12 cur, abin da ba a taɓa yi ba kuma ba a sake yi ba. A zubi na 13 abokin wasansa ya yi kuskuren jifa, mutum na farko ya taka tasha. Can Joe Adcock na Milwaukee ya aika ƙwallo bayan katanga. Abokin wasansa Hank Aaron da ke gabansa ya ɗauka an tashi, ya bar layin gudu ya nufi ɗakin 'yan wasa, Adcock ya wuce shi, aka fitar da Adcock saboda haka. Ci uku ya koma ɗaya, amma ɗayan ya isa. Haddix ya sha kashi 1 da 0, alhali mutanensa sun yi bugu mai kyau har sau 12 ba wanda ya iya dawowa gida.

Ba a bar shi haka ba ma. A 1991 wani kwamiti ya zauna ya sake fassara dokar, ya ce tunda an buga masa ƙwallo a ƙarshe, wasansa ba ya cikin jerin waɗanda aka hana abokan hamayya bugu. Suka cire sunansa yana raye, shekara uku kafin mutuwarsa. Alhaji, kai da kake cewa alƙalan Firimiya sun fi kowa zalunci, sai ka kawo mana wanda aka yi wa irin wannan mu ji.