Buroshin Inji da Allon Almajiri

Ina so in yi magana a kan wani abu da ya shigo gidajenmu a nan Jidda, watau buroshin da a ke ɗaura wa injin huda bango, wanda Larabawa ke ce wa diril. A kan cire ƙarfen hudar, a ɗaure buroshin a bakin injin, sai ya riƙa juyi yana cuɗa da kansa.

Kowa ya san halin garin nan. Muna bakin Bahar Maliya, laima ba ta barin ɗaki, funfuna ta kan yi baƙi a tsakanin tayil, wurin alwala kuwa ya yi santsi har dattijo ya zame. Tun da aka jawo ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Fatima a 1947, ga kuma na teku da a ke tacewa a Shu'aiba, ruwa ya samu, amma durƙuson cuɗa bai ragu wa matanmu ba. Na gwada abin a wurin alwalar makarantarmu, aikin da kan ci hantsi guda ya ƙare kafin shayi ya huce. A nan kam na yaba.

Amma fa da sharaɗi. A nemi inji mai batir, kada a ja waya daga bango zuwa inda ruwa ya ke kwance. A tafi da shi a hankali, gama in ya yi gudu sai ya fesa wa mutum sabulu a ido. Buroshi mai taushi na tayil ne da famfo, mai tauri na siminti, na waya kuwa sai tsatsar ƙarfe. Kada kuma a haɗa Clorox da Flash a bokiti ɗaya, hayaƙinsu guba ne, a banɗaki rufaffe yana iya kisa.

Inda na ƙi shi ɗaya ne. Wani ɗan'uwa, da kyakkyawar niyya, ya ce me zai hana a jera allunan yara a bi su da injin, a huta? Na ce masa a'a, Alhaji. Tawadarmu gawayi ce da ƙaro, ruwa kaɗan da tafin hannu sun ishe ta. Buroshi ya kan ƙarce itacen, alƙalami ya riƙa tuntuɓe. Babbar magana kuwa, ruwan wankin allo ayoyi ne, a ƙwarya a ke tara shi, a sha ko a zuba a wuri mai tsarki. Inji kuwa watsa shi zai yi a bango da takalma, sauran ya bi rariya. Yaro kuma ba ya wanke allonsa sai ya biya mini karatun na ce ya wanke.

Masu sayar da shi a Bab Makka da Bab Sharif, don Allah ku riƙa gaya wa mai saye zancen batir ɗin nan.