Awa Bakwai A Tsibirin Da Ya Riƙe Kawu

Masu bin littattafaina ku yi mini afuwa, yau ba labarin soyayya na zo da shi ba. Abin da ya same ni ne a hanyar dawowa daga Libreville ta ƙasar Gabon, inda na je bikin 'yar ƙawata.

Son araha ya sa na yanki tikitin da zai yada zango a Malabo, daga nan sai Kwatano, in shiga mota zuwa Legas. Awa biyu aka ce za mu yi. Muna sauka wani ma'aikaci ya zo ya yi ta zuba Sifaniyanci, sai wani ɗan Kamaru ne ya fassara mana cewa jirginmu sai dare. Fasinjoji suka hau faɗa. Ni kuwa gabana ne yake ta faɗuwa tun muna sama, lokacin da na leƙa taga na hango wani ƙaton dutse kore shar a tsakiyar teku, gajimare ya naɗe kansa kamar rawani. Pico Basile ke nan, tsayinsa ya haura mita 3,000.

Dalilin faɗuwar gaban shi ne, Malabo a kan tsibirin Bioko take, wanda a da ake kira Fanandofo. Mu kuwa a gidanmu na Giginyu sunan nan ba a faɗarsa da dariya. Yayan Inna, uwa ɗaya uba ɗaya, can ya tafi tun ba a haife ni ba. Turawan Ingila da na Sifen sun ƙulla yarjejeniya a 1942 ta kai 'yan Nijeriya aikin gonakin koko a tsibirin, yawancinsu mutanen gabas ne da ke tashi ta Kalaba. Kawu shi ba lebura ba ne, ɗan koli ne, ya bi su da turare da carbi da hula. Da mulkin Macias Nguema ya tsananta, ana duka ana kisa, gwamnatin Janar Murtala ta kwaso dubban 'yan Nijeriya a ƙarshen 1975 zuwa farkon 1976. Inna ta ce wata uku mahaifiyarsu tana ajiye masa tuwon dare. Bai zo ba, wasiƙa ma ba ta zo ba.

To ga ni yau a garin, amma ba ni da biza. Ƙasar ba ta cikin ECOWAS, fasfo ɗina bai isa ya fitar da ni ko bakin titi ba. Na roƙi jami'in da ke ƙofa da Turanci, na haɗa da hannu, ya girgiza kai. Na koma kan kujerar ƙarfe na zauna ina kallon ruwan sama yana dukan gilashi, wallahi har da hawayena.

La'asar ta yi, na shimfiɗa mayafi a lungu na fuskanci inda zuciyata ta ba ni. Kafin in tada kabbara na ji an ce, "'Yata, karkato hagu kaɗan. Nan alƙibla ta fi ta gida yin arewa."

Wani dattijo ne da farar jallabiya da sanda, yana jiran jirgin Duwala zai je ganin likitan ido. Da na idar na je na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, daga ina?"

"Daga nan. A nan aka yanke mini cibiya, tun garin ana ce masa Santa Isabel."

Hausarsa ta tsofaffi ce, irin wadda na daina ji tun rasuwar kakata, sai dai jefi-jefi yakan sako Sifaniyanci ko broka bai ma sani ba. Ya ce mahaifinsa Bakatsine ne, shi kuwa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Na buɗe jaka na miƙa masa kilishin da ya rage mini. Ya daɗe yana shinshinawa kafin ya kai baki. Shi kuma ya ɓara goro ya ba ni rabi, ya aiki yaro ya sayo mana shayi da sefarsa, ya hana ni biya.

Sannan na kawo maganar Kawu. Na faɗi sunansa da na mahaifinsa, na kwatanta shi yadda Inna take kwatantawa: dogo, mai wushirya, yana ɗan ɗingishi. Mu marubuta mun saba, a littafi nan ne tsoho zai zabura ya ce ai maƙwabcina ne. Ni kaina na rubuta irin haka ya fi sau uku, yanzu har kunya nake ji. Baba ya yi shiru, ya juya sandarsa, ya ce bai san shi ba.

"Lokacin kowa da laƙabi ake kiransa, 'yata. Da jiragen ruwa suka zo, wasu sun shiga, wasu sun ƙi saboda mata da 'ya'ya, wasu sun tsallaka Kamaru a kwalekwale cikin dare. Wasu kuma an tafi da su, ba a tambaya."

Ya ba ni labarin shekarun nan tiryan-tiryan: yadda shaguna suka koma wayam, yadda gonakin koko suka zama daji bayan tafiyar ma'aikata, yadda aka tumɓuke Macias a 1979, da yadda man fetur ya zo a shekarun 1990 ya sauya garin har shi ɗan gari yana ɓata a wasu unguwanni. Na ciro littafin da nake rubuta sabon labarina, na juya bayansa, na cika shafi goma sha ɗaya. Wannan labarin har yau ban ƙarasa shi ba, wanda Baba ya ba ni ne ya danne shi.

Da aka kira jirginsa ya miƙe da ƙyar, ya ce in rubuta masa sunan da ajami, don ya fi gane shi. Ya yi alƙawarin in ya dawo zai sa a yi cigiya bayan sallar Juma'a, kuma duk ranar da ya je maƙabartar Musulmi zai sa sunan a addu'a, ko yana cikinta ko ba ya ciki. Na haɗa masa da lambar wayata da littafina ɗaya, ya ce jikarsa za ta karanta masa in ta iya.

Kwana uku bayan nan na iso Giginyu. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa, na zauna na zayyana mata komai, ban ƙara ba ban rage ba. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko ana ruwa sosai a can, na ce ƙwarai, kamar da bakin ƙwarya. Ta ce, "Shi da ba ya son ruwa ya taɓa shi."

Tun daga ranar, duk baƙuwar lambar da ta shigo wayata, ita take fara cewa in ɗauka.