Gwajin jinin da dattawanmu ke gudu

Na raka sa'o'ina da dama makwancinsu a Gumel da Gagarawa, kuma in ka tambayi abin da ya yi ajali sai a ce maka "ciwon fitsari ne", a ja baki a yi shiru. Mu mazan ƙasar nan muna iya raba dare kan farashin riɗi da gero, amma wanda ke tashi sau biyar da buta kafin asuba ba zai faɗa wa ko ƙaninsa ba. Sai ya ce sanyi ne, ranar Alhamis ya shiga kasuwar Maigatari ya sayo ƙullin magani wurin mai lasifika. Yana sha wata da watanni, har ranar da fitsari zai tsaya cak, a kwashe shi ranga-ranga a sa masa roba.

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ɗan ƙullutu da likitoci ke kira furostet, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. In shekaru suka ja yakan kumbura, kuma galibin kumburin ba daji ba ne. Wani lokaci kuwa daji ne, shi ne ma ciwon dajin da ya fi kama maza a Najeriya, kuma ya fi yi wa baƙar fata illa. Abin da ke tayar mini da hankali, a farkonsa ba ya ciwo, ba ya nuna alama. Kafin baya da ƙugu su soma damun mutum, sau da yawa ya riga ya kai ƙashi.

Shi ya sa nake girmama gwajin nan na PSA. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu, a auna wani sinadari da ƙullutun ke fitarwa. Likitoci da yawa kan sa ido in lambar ta haura 4. Amma a yi hattara, haurawar ba hukunci ba ce: kumburin tsufa, ko ƙwayar cuta, ko robar fitsari, duk suna iya ɗaga ta. Ƙarancinta ma ba ya wanke mutum gaba ɗaya. Don haka likita kan duba da yatsa ta dubura, nan ne fa da yawanmu ke sulalewa, alhali neman magani ba abin kunya ba ne a addini. In akwai shakka, sai a tura mutum Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse ko na Malam Aminu Kano, a tsakuro ɗan nama a duba. Wannan ne ke raba gardama. Wani dajin ma tafiyar hawainiya yake yi, sa ido kawai ake yi masa.

An gano wa Desmond Tutu na Afirka ta Kudu wannan ciwo a 1997, bai rasu ba sai 2021. Wole Soyinka ya fito fili a 2014 ya ce shi ma ya yi jinyarsa. Girmansu bai ragu ba.

Na san kuɗin mota daga Sule Tankarkar zuwa Dutse ba wasa ba ne ga manomi. To, ku 'ya'yanmu da ke aiki a Kano da Abuja, wannan nauyinku ne. Duk wanda mahaifinsa ya kai shekara 50, ko 45 in an taɓa yin ciwon a gidan, ya kama hannunsa su je Babban Asibitin Gumel su tambayi likita zancen gwajin, tun yana tafiya da ƙafarsa.